Igiyar da Bappa Labbo Ya Bar Mini

Daga Allah muka zo, kuma komai daɗewar zama gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Afrilu na shekarar 1977, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Bappa Labbo a rugarsa da ke gabas da Dungas, bayan jinyar kwana shida. Shekarunsa sun kai saba'in ko sun ɗan haura, shi kansa bai taɓa damuwa da sani ba. Labarin bai iske ni a Bande ba sai ranar Alhamis, a bakin wani mai amalanke da ya faɗe shi tsakanin tsadar gero da ƙarancin kananzir, wai wani tsohon makiyayin Alhaji Jibo ya faɗo daga kan kamyo, babbar motar kaya. Makiyayin Alhaji Jibo! Sunan da ka mutu da shi ke nan, Bappa, kai da a da in shanunka suka sauka rijiya sai mata su ajiye tulunansu su jira.

Sunana Halilu, ɗan marigayi Ɗan Azumi na Bande. An saba in mutum ya rasu a tattaro alheransa a shimfiɗa, masu rai su gyaɗa kai su watse da sanyin zuciya. Zan faɗi alheranka, amma ba wanda zai tashi da sanyin zuciya, domin mafi girmansu ni ka yi wa, ni kuma na ci amanarsa. Ka ba ni aron saniya, na sayar da ita, na yi maka ƙarya. Wanda ba ya son jin sauran sai ya tsaya a nan.

Na buɗi ido na gan ka a gonarmu. Kowace shekara in an gama girbi sai ka taso da garkenka daga Mallawa, ka kafa bukkoki a tsakiyar gonar mahaifina. Shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki, Baba ya kai maka damman gero, Inna Dada matarka ta aiko mana da nono har mu ƙoshi mu ba maƙwabta. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, ba a taɓa kiran shaidu ba, kuma ba shekarar da aka saɓa. Kai ma kana taɓa noma a Mallawa, sai dai Baba kan ce kunyoyinka tafiyar maciji suke yi. Kai kuma ka rama, ka ce Bahaushe in ya kalli saniya tukunya yake gani. Ku yi ta dariya har hularka ta malfa ta faɗi.

Kai ka koya mini tatsa, ka haƙura da harbin da na sa shanunka suka yi ta yi. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba ana tsakiyar noman farko, ka bar taka gonar ciyawa ta cinye, ka zo ka yi mana kwana goma sha biyu da fartanya a hannu. Da ya rasu, ka tako tun daga Mallawa da bijimi na sadaka, ka zauna a ƙofar gidanmu har aka yi bakwai, ba ka yarda an shimfiɗa maka tabarma ba. Duk wanda ya san ka yana da irin wannan labarin. Akwai gwauruwa a Mallawa da ta yi shekara tara tana shan nonon saniyarka, ta mutu tana zaton ta mijinta ce, don haka ka ce a gaya mata.

Ni kuwa na yi shekara huɗu a lekol, makarantar boko, na fito na iya karatun kilo, sai na ɗauka na iya duniya. Na zama mai sayen gyaɗa ga Alhaji Jibo na Magarya, attajirin da ke da kamyo uku a lokacin. Zamanin gyaɗa ne, Bappa, ka gan shi da idonka. Ta cinye gonakin gero, ta cinye saura, ta yi ta gutsurar burtali har ya koma siririn da saniya biyu ba sa jerawa. Aka kawo taki a buhu, muka ce mun huta da kashin shanu. Kara da harawa, waɗanda da kyauta ce, suka zama kayan kasuwa. Shekarar da na gaji gonar Baba na kwashe karan kaf na sayar, garkenka ya iso ya tarar da fili fetal. Ka kwana biyu, ka sa mini albarka, ka ja shanunka ka koma.

A cikin wannan shekarar dai, 1970, na auri Hinda, sai ga ka da karsana a igiya. Ja ce mai farin goshi, sunanta Wule. Ka ce habbanaye ka kawo mini. Ga wanda bai san wannan al'ada ta Fulani ba: mai shanu kan ba wanda yake ƙauna aron saniya, ya riƙe ta, ya sha nononta, har ta haihu sau uku. 'Ya'yan duk nasa ne, uwar kuma ta koma gidan mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a dukanta da sandan da ake dukan sauran. Ka dafa goshinta ka ce da ni, “Wannan jinin saniyar kakana ce, Halilu. Tun daga kansa ba a taɓa rasa irinta a gidanmu ba.” Na yi godiya da baki, a zuci kuwa ina kimanta abin da za ta yi a kasuwa. Sai daga baya na gane cewa makiyayi mai hankali ba ya tara shanunsa wuri guda, yakan ajiye wasu a hannun mutanen kirki saboda baƙar rana. Ka duba duk ƙasar Magarya, ka zaɓe ni.

Baƙar ranar ta zo a 1973. Ba sai na tuna wa kowa farin nan ba, ƙasusuwansa suna nan a bakin rijiyoyi. Ka bi garkenka kudu, har bayan Kano, kana neman ciyawa. Wule tana gidana tana cin harawar gyaɗar da na hana shanunka, ta yi ƙiba ana mutuwa. Ta riga ta haifi ɗan maraƙi namiji, ta sake haihuwa cikin farin ɗan bai zauna ba. Alhaji Jibo kuwa kamyonsa ke zagaya rijiyoyi, ana ɗaukar saniya a kan tiya biyu ta gero, a kai shingensa a ɗura mata angurya ta miƙe. Mutane suna cewa Alhaji ya taimaki Fulani. Ka dawo da damunar 1974 da sanda a kafaɗa, ba ko ɗan maraƙi a bayanka, cikin shanu sittin da wani abu. Ɗanka Tamu ya tsaya a Nijeriya yana gadin gidan wani. A duk faɗin duniya, abin da ya rage na jinin garkenka yana ɗaure a bayan ɗakina.

Da kakar wannan shekara Alhaji ya kawo injin ɓarar gyaɗa daga Kano, mai shan gazuwal, wato man dizal. Na tsaya ina kallonsa baki buɗe. Abin da mata ashirin ke yini suna ɓarewa da hannu, su tashi da ɗan awo da ɓawon hura wuta, shi kafin a yi sallar hantsi ya gama. Alhaji ya lura da ni. Ya ce ba ya son kuɗi, bayan fari saniya mai haihuwa ta fi kuɗi, in ba shi jar nan da ɗan bijiminta in ɗauki inji. Tana da ciki a lokacin, na uku, ya sani, na sani. Hinda ta tsaya a ƙofar turke ta ce, “Malam, ba taka ba ce.” Na ce da ita zamani riga ne, saniya sau ɗaya take haihuwa a shekara, inji kuwa kullum. Na ce in na samu zan saya maka biyu. Na ture ta na kwance Wule.

Kwana tara tsakani ka yi sallama a ƙofata. Ka rame har na kasa gane ka sai da ka yi magana. A hannunka akwai sabuwar igiyar rama da ka tufka da kanka. Na ɗauka karɓa ka zo yi, ina ta shirya abin faɗa, sai ka riga ni.

“Ba karɓarta na zo yi ba, Halilu. Saura haihuwa ɗaya, ba ni karya al'ada don yunwa. Na zo in gan ta ne kawai, in ji warinta.”

Na ce na tura ta kiwo wajen Daura tare da shanun wani abokina, saboda ciyawa ta fi kyau a can. Ka dube ni, ka dubi turken, ka dubi injin da ke tsakar gida. Ka ce madalla, na kyauta mata. Sannan ka miƙo mini igiyar ka ce, “Ranar da ta cika uku, ka ɗaure ta da wannan ka kawo ta. Dada na son ta ga ta shigo da igiyar gida.” Hinda ta kawo maka fura, ta kasa ɗaga ido. Ka sha rabi, ka nemi a zuba maka sauran a gora.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ranar Wule tana shingen Alhaji a Magarya, tafiyar da ba ta kai yini ba. Injin sau biyu kacal aka tashe shi, kuma mutum uku ke layin sayen irinsa wajen Alhaji. Da na ɗora shi a amalanke na mayar, da Alhaji ya karɓa, ko da ya riƙe bijimin. Na yi wannan tunani tun kana zaune, na ci gaba da yinsa har ka ɓace a kan hanyar Mallawa. Amma saura mako biyu a buɗe cinikin gyaɗa. Da la'asar iska ta taso, tana ɗage tampol ɗin da na rufe injin da shi, na ɗauki igiyarka na ɗaure shi tam.

Inji ya yi mini kaka ɗaya mai kyau, ba zan ɓoye ba. Na sayi rediyo, na sayi keke, ana ce mini Halilu mai inji. Matan da suka rasa ɓara sukan zo roƙon ɓawo, in ce na sayarwa ne. Sai damunar 1975 ta zo da kuturtar gyaɗa. Ganye ya nannaɗe ya yi rawaya tun daga Bande har Dungas, mai gona goma bai ɗebi kwano goma ba. Shekarar da ta biyo baya ma ba wanda ya ga abin kirki, masu saye suka naɗe buhunansu suka tafi. Injin ya zauna ƙarƙashin tampol, kaji na ƙwai a cikinsa. Na koma gonar Baba in shuka gero, na tarar shekara shida ba kofaton saniya ya mayar da ita rairayi, takin buhu kuma ba kuɗin sayensa. Alhaji Jibo ko gezau. Gyaɗa na mutuwa ya juya kamyonsa ga shanu, ya raba su garke huɗu, ya ɗauki waɗanda ya saye wa shanunsu a kan tiya biyu su yi masa kiwo, ladansu nonon da suka tatsa.

Na ji labari kana cikinsu. Na ce da kaina garke huɗu ne, ba lalle ba ne a haɗa ka da nata. Duk da haka na daina cin kasuwar Dungas. Kai kuwa ba ka daina aiko mini gaisuwa ba, kuma kowace Salla, ƙarama da babba, sai an kawo mini ƙwaryar man shanu daga gare ka. Na ci, Bappa. Na zuba a tuwo na lashe yatsa, ina jin daɗi cewa ƙaryata ta zauna. Hinda ba ta taɓa sa shi a bakinta ba.

Da mai amalanke ya faɗi rasuwarka, na kwance tampol na kira maƙera. Injin da ya ci saniya mai ciki da bijiminta, suka ƙwanƙwasa shi suka saye shi a matsayin tsohon ƙarfe, abin da suka ba ni akuya ɗaya ya saya. Na ɗaura mata igiyarka, na ja ta har Dungas ranar sadakar bakwai. Na san abin kunya ne akuya a igiyar saniya, amma ba ni da abin da ya fi haka, kuma ina so a ce na zo da wani abu.

Na tarar da Alhaji a kan darduma ƙarƙashin gawo, shi ya ba da likkafani da buhun sukari. Duk wanda ya yi addu'a sai ya haɗa da “Allah ya saka wa Alhaji.” Na ji malami yana cewa irin su Alhaji su ne rufin asirin talaka, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, har da waɗanda ke kiwon shanun iyayensu a kan ladan nono. Ni ma na amsa. Bayan an shafa na zaga wajen bukkar Inna Dada. Tana zaune a ƙasa, ta dubi akuyar, ta dubi igiyar, ba ta amsa gaisuwata ba.

“Halilu, ka san yadda Bappanka ya faɗi?”

Na ce an ce daga kamyo.

“An zo lodin tsofaffin shanu za a kai Nijeriya a yanka. Duk suka hau, ɗaya ta ƙi. Suka doke ta, suka murɗe mata wutsiya har ta karye, ta durƙusa ta ƙi. Direba na ta danna oda. Bappanka ya ce su bar dukanta. Ya hau cikin motar, ya je can ƙurya, ya kira ta da sunanta. Ta tashi ta bi muryarsa. Suka rufe ƙofa yana ciki, sai ya hauro ta saman ƙarfe, ƙafarsa ta zame. Wule ce, Halilu.”

Na zauna a turɓaya. Ta ci gaba, muryarta ba ta ko rawa.

“Ranar da aka kai shi garken nan, tun bai iso ba ta yi kuka ta fito ta tare shi. Shekara biyu yana kiwon abarsa a kan lada. Man da kake ci duk Salla, na wace saniya kake zato? Na ce ya je ya tona maka asiri a kasuwa, ya ce ɗan Ɗan Azumi ne, ba za a tona ba muddin yana raye.”

Na ce, “Inna, ki yafe mini.”

“Tsaya, akwai saƙo. Cikin da ka sayar da ita da shi, mace ta haifa, ja mai farin goshi. Ya ce in ka zo a gaya maka Wule ta cika uku, kuma ta ukun taka ce bisa al'ada, shi ba ya cin haƙƙin kowa. Ga ta can, je ka duba abarka.”

Na waiwaya. A gefen garke akwai karsana, kamar an tsaga kara da uwarta, an rubuta mata lambar Alhaji da shuɗin fenti a cinya. Inna Dada ta miƙe da ƙyar, ta sunkuya a wuyan akuyar, ta kwance ƙullin da yatsunta. Ta naɗe igiyar a hannu ta ce, “Wannan tamu ce. Akuyar ba mu san ta ba. Shi ya yafe, ni ban yafe ba.” Ta shiga bukka ta ja asabari. Na dawo Bande ina kora akuya da kara, tana tsere mini a kowace gona, masu wucewa na dariya.

Wannan shi ne mutumin da muka rasa. Ban san ko akwai sauran irinsa tsakanin Mallawa da Magarya ba, in ma akwai, mun riga mun nome burtalin da zai biyo ya zo gare mu.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Labbo, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa ciwon kwana shidan nan ya zama kankarar zunubansa. Bai taɓa barin dabba da ƙishirwa ba, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Dada, ko da ba za ta karɓa ba, Allah ya ba ta haƙuri ya zama gatanta. Ina miƙa ta ga Tamu, in wannan takarda ta iske shi a ƙofar gidan da yake gadi, ya san cewa mahaifinsa ya ajiye masa gado, a hannuna ya salwanta. Haka kuma ga dangi da jama'ar Mallawa da Dungas baki ɗaya. Wanda ya karanta ya yi wa Bappa Fatiha, kada ya haɗa da ni. Akwai ranar da za a ce kowa ya kawo abin da aka ba shi amana, ni kuwa, Bappa, ko igiyar babu a hannuna.